Jinin Garoa

Ni ne Belmiro, mai sharar barga.
Ban iya karatun da ke jikin kwalabe ba.
Abin da na iya shi ne wuyan doki:
inda jijiya take kwance,
inda hannu zai sauka dabba ta daina rawar jiki.

Kafin in zo nan, gahawa nake tsinka
a gonar da ba tamu ba, ni da ƙanena Honório.
Ranar Talata ce. Ya sunkuya ɗaukar kwando,
jararaka ta fito daga busasshen ganye
ta sare shi a idon sawu, ta koma abinta.
Muka ɗaure cinya da igiyar buhu,
muka tauna taba muka shafa,
muka ɗura masa giyar rake har ya shaƙe.
Wata tsohuwa ta ƙona wurin da garwashi.
Ƙafa ta kumbura ta zama turmi,
dasashi na tsatsar jini.
Kafin coci ya buga ƙararrawar safe, ya cika.

Shi ya sa da Likita Anacleto ya ce
zai zuba wa goɗiya dafi da gangan,
na jingine tsintsiya na dube shi.
Mutumin da ke biya a kawo masa macizai cikin akwati,
yana matse musu kai a bakin gilashi
kamar mai tatsar akuya!
Na ce a raina, karatu ya taɓa shi.

Ya fara da tantabaru. Suka mutu.
Zomaye, wasu suka mutu, wasu suka tashi.
Makarin da jirgin ruwa ya kawo daga nesa
da dafin gamsheƙar wata ƙasa aka yi shi;
macijinmu bai san shi ba, balle ya ji tsoronsa.
Likita ya rufe littafi ya ce,
"Da ɗan gari akan ci gari, Belmiro.
Kawo goɗiyar."

Garoa sunanta, wato yayyafi.
Ɗigon farko bai kai hawayen sauro ba,
amma ta kwana tana zufa,
wuya ya yi ƙullutu, ta ƙi masara.
Na kwana a tsaye, goshina a kafaɗarta,
ina ba ta haƙurin da ba ni da bakin bayarwa.
Mako ya zagayo, aka ƙara.
Wata ya zagayo, aka ninka.
Ruwa ya sauka ya ɗauke,
har ta kai tana ɗaukar abin da zai kayar da dawaki goma
tana kaɗa wutsiya tana korar ƙuda.

Sai aka buɗe jijiyar.
Jini ya kwanta a tulun gilashi,
jan ya nutse ƙasa,
wani ruwa mai launin zuma ya taso sama.
Likita ya ɗaga shi a hasken taga, bai ce uffan ba.
Hannunsa dai na ga yana karkarwa.

Bayan kwana tara aka kawo yarinya a keken shanu,
Zulmira, 'yar mai yankan rake.
Idon sawu. Wuri ɗaya, ƙafa ɗaya.
Uban na riƙe da igiya da kwalbar giya.
Ni na karɓe su daga hannunsa,
ni na riƙe fitila aka yi allurar.
Dare ya raba, kumburi ya kai gwiwa,
ya tsaya nan kamar mai shawara.
Ƙararrawar safe ta buga.
Yarinya ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji.

Uwar ta kama hannun likita tana kuka.
Ni na zame na koma barga.
Garoa na tsaye, haƙarƙari duk a waje,
tabon allura jere a wuyanta kamar ɗinkin buhu.
Na yanko mata rake, na ɓare da wuƙata.
Tana ci ina lissafi:
shekara huɗu ce tsakanin Honório da kwalbar nan.
Huɗu kacal.

Jibi za a sake yi mata allura.
Ni zan riƙe linzamin.